ƘARAR SALANSA BA ITA CE ƘARFIN BABUR BA

A wannan fitowa za mu ɗan jingine maganar burtali da ta harajin kara, mu taɓo wani abu da wasu za su ɗauka ƙarami ne, alhali kuwa yana ci mana dukiya da mutunci, wato baburan da ake fasa wa salansa a nan Zangon Kwatano.

Ba mu da faɗa da babur. Tun cikin shekarun 1980 da sana'ar zemijan ta taso daga Porto-Novo ta cika Kwatano da masu rawayar riga, babur ya zama jakin wannan gari, mu ma kuma ba a bar mu a baya ba. Da shi ake kai rago gidan mai saye, da shi ake ɗauko dusa da harawa, da shi ake kai wa na ruga gishiri da magani. Abin da muke ƙi shi ne yaro ya sayi sabon Bajaj ko Haojue, kafin sati ya zagayo ya kai shi wurin mai walda a cire masa hanjin salansa, wai don ya ƙara gudu.

Wanda bai taɓa riƙe igiyar bijimi ba ba zai gane ɓarnar ba. Saniya ta fi mutum jin sauti mai tsini, kuma abin da ya fi firgita ta shi ne ƙarar da ta zo ba zato. To, ka duba dabbar da aka loda tun daga Malanbil ko Paraku, ta yini ta kwana a tsaye cikin mota, ga yunwa ga ƙishirwa, ana cikin sauke ta wani ya murɗa totur a bayanta. Sai ta tsinke igiya, ko ta zame daga kan katako ta karye. Dabbar da ta karye kuwa yanka ne na dole, kuma kowa ya san kuɗin da mahauci ke tayawa idan ya ga ba ka da mafita. Mahautan ma suna cikin asarar, don naman dabbar da ta galabaita kafin yanka yakan yi duhu, ba ya kuma jimawa. Mafi muni, in ta faɗa titi ta ture mai talla ko ta fasa gilashin motar wani, mai babur ya riga ya ɓace. Mai saniya ake kamawa, kuma washegari abin da gari zai ɗauka shi ne dabbobin mutanen Zango sun sake yin ɓarna. A lokacin da ake ta neman dalilin raba dabbobi da cikin birni, bai kamata mu miƙa wa kowa sanda da hannunmu ba.

Yanzu ga maganar ƙarfi, don a nan ne ake ruɗar samari. Salansar da kamfani ya sa wa ƙaramin inji, irin mai lamba 100 ko 125, an auna tsawonta da faɗinta daidai da numfashin injin. Idan aka cire abin da ke ciki, hayaƙi ba ya fita da tsarin da aka yi masa, sai babur ya rasa ƙarfin tashi da na ja a ƙaramar giya. Wannan ƙarfi kuwa shi ne namu, mu da muke ɗora raguna biyu da buhun dusa mu bi ta cikin rairayin unguwa. Ban da haka, iska takan yi wa mai yawa a kafireta, inji ya riƙa zafi fiye da kima, bakin fulogi ya yi fari, a kwana a tashi bawul ya ƙone. Mai shi yana jin rugugi yana zaton doki ya hau, nan kuwa holoƙo ne hadarin kaka. Ga mai ya yi tsada tun da Nijeriya ta janye tallafi a 2023, har kpayo na bakin hanya bai tsira ba, ina dalilin ƙona shi a kan ƙara?

Wanda baburinsa ya yi ƙara ba da son ransa ba, ya fara duba wuyan salansa, inda ta haɗu da inji. Sau da yawa gaskit ne ya cinye ko noti ya kwance, kuma baƙin hayaƙi da ya taru a wurin shi zai nuna maka. Daga nan a duba jikinta, don iskar teku ta Kwatano ba ta raga wa ƙarfe, tsatsa takan huda ta ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ɗan rami kamar ƙwayar wake ya isa ya canza muryar babur, walda kaɗan ta gyara shi.

In kuwa an riga an cire hanjin, mafi kyau a nemo salansa irin ta asali. Wanda bai samu ba, makanike zai iya zura bututu mai ƙananan huji da yawa, wanda faɗinsa bai gaza na bututun asali ba, ya naɗe shi da audugar gilashi wadda ba ta cin wuta. Hayaƙi zai wuce kai tsaye, audugar ta shanye ƙarar, sai dai takan cinye a sake ta. Abin da muke gargaɗi a kansa shi ne cusa soson ƙarfe na wanke tukunya ko matse bakin salansa. Ƙarar za ta ragu, amma an shaƙe injin ke nan, kuma irin wannan gyaran ne ya sa wasu suka yarda cewa babur mai shiru ba ya ja. Masu tsofaffin babura da ake haɗa wa mai da baƙin mai, su nasu ciwon daban ne: dauɗa ce ke toshe salansa, sai a kwance ta a ƙona a kakkaɓe. Bayan kowane gyara a daidaita kafireta, a yi tafiya kaɗan a kwance fulogi, in bakinsa ya yi ruwan ƙasa to an dace.

Ƙasar nan tana da dokar hana hayaniya tun 2001, an kuma sabunta ta a 2022. Muna iya kai kuka wurin hukuma a kan 'yan zemijan da sauran masu wucewa, amma laifi tudu ne, don da yawa daga cikin baburan nan na 'ya'yanmu ne da yaran dillalanmu, wasu ma mu muka saya musu. Shawararmu ga shugabannin kara da sarakunan Zango ita ce tun kafin ragunan Babbar Sallah su fara sauka, a tsayar da magana ɗaya: babur mai fasasshiyar salansa ba zai shiga inda ake sauke dabbobi ba, kowane mai babur kuma ya kashe inji daga bakin turke ya tura da hannu. Uban gidan da yaronsa ya saɓa, shi za a kira.