Kwamfutar wasa ta hannu: a yi lissafi kafin a ciro kuɗi

Matasan Kazaure, musamman ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, sun fara kallon kwamfutocin wasa na hannu a YouTube suna sha'awa. Ina ganin kafin yaro ya matsa wa mahaifinsa, ko ya karya jarinsa, ya kamata a zauna a lissafa abin da na'urar za ta ci tun daga ranar saye har ranar da ta lalace.

Steam Deck, wadda kamfanin Valve ya fitar a Fabrairun 2022, ta fara ne a kan dala 399. ROG Ally ta Asus da Legion Go ta Lenovo sun biyo baya a 2023, manyansu a wajen dala 700. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta taɓa haura naira 1,500. A wannan farashi, mafi arha a cikinsu ta kai kusan naira dubu 600, wato sama da albashin wata takwas na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ba a sa kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa ba. Valve kuma ba ya sayar da ita a Najeriya, don haka duk wadda ta shigo Kano ta hannun wani ta biyo, babu garanti.

Sai batir, kuma nan ne ya fi damuna. Valve da kansa ya ce Steam Deck ta farko tana ɗaukar awa 2 zuwa 8, manyan wasanni kuwa wajen awa 2 suke kai ta. Ally ta farko ma batirinta bai fi haka ba, ga shi cajarta mai wat 65 ce. Wanda ke zaune a ƙauyukan Gwiwa ko Roni, inda mai shagon caji da sola ko janareta ne madogara, ya san bambancin wayar da ake cajinta sau ɗaya a wuni da na'urar da ke neman caji bayan awa biyu. Ally X ta 2024 ta ninka batirin, amma farashinta ya hau zuwa dala 799.

Zafi ma yana da nasa kason. A 2022 Valve ya gargaɗi jama'a cewa na'urarsa ta fi aiki daidai idan zafin gari bai wuce digiri 35 ba. A Babura, zafin watan Afrilu da Mayu kan haura 40. Idan na'urar ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta. Asus ma ya amsa a 2023 cewa zafi na iya lalata ramin mimori na Ally. Da hunturu kuma fankar da ke cikinta ƙura take zuƙa. In ta tsaya, sai a hau mota zuwa Farm Centre a Kano, can ma masu gyara sun fi ƙwarewa a Tecno da Infinix, kayan gyaran kuwa sai an yi odarsu.

Wasannin su kansu da dala ake saye, sababbi har 70. Wasu sun haura gigabait 100, alhali an ƙara kuɗin data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne wanda ya fi shafar yaranmu: ƙwallo suke so. Wasan ƙwallo na EA Sports FC ba ya tashi a manhajar da Steam Deck ke zuwa da ita, haka Fortnite. Sai dai a ɗora mata Windows, ko a koma Ally da Legion Go masu tsada, waɗanda ke zuwa da Windows mai wahalar sarrafawa a ƙaramin allo. Legion Go kuma ta haura giram 850, hannu na gajiya da ita.

Ba na musun cewa ɗalibin da zai haɗa irin wannan na'ura da allo da madannai ya yi karatu zai mori wani abu. Amma da wannan kuɗi zai sami laftof ta hannu mai kyau, har ya rage na sola. Mai son ƙwallo kuwa, shagon gem na unguwa yana nan da PS4, ana biyan kuɗi kaɗan a buga da abokai, janareta da gyara duk a wuyan mai shago.