Ba Ƙarfin Sifika Ke Sa A Ji Magana Ba



Duk wanda ke zuwa bukukuwanmu a nan Abuja ya san abin da za mu faɗa. Ka shiga ɗakin taro, a Garki ne ko Gwarinpa ko Kubwa, za ka tarar da manya-manyan sifiku an jibge su a gaba, dama da hagu, kowace ta kusa kai tsayin mutum. Iyayenmu da muka girmama muka ba su sahun farko, su ne a bakin wuta. Na can baya kuwa, in ban da gunji ba abin da ke isa gare su. A wata walima da muka je kwanan baya, kawun amarya ya yi nasiha ta kusan minti goma, ana ta amin, amma da aka fito babu wanda ya iya maimaita ko jimla ɗaya. Da na baya suka ce ba sa ji, DJ ya ƙara murɗawa, makirfo ya kwarma ihu, wata dattijuwa ta toshe kunnen jikanta da mayafi ta fice.

Mu a ganinmu ba a rasa ƙarfi ba a wannan ɗaki. An rasa sanin inda ya kamata a ajiye sauti.

Wanda ya taɓa shiga sinima a Jabi Lake Mall ko Ceddi Plaza zai gane. Jarumi na raɗa, amma na kujerar ƙarshe yana jin kowace kalma, kuma daga bakin jarumin yake jin ta. Mota ta gifta a fim, ka ji ta taho daga hagu ta wuce dama. Ruwan sama ya sauko, ka ji kamar a bayanka yake zuba. Sirrin shi ne an raba aikin. Akwai sifiku uku a ɓoye bayan allon, shi ya sa allon ke da ƙananan huji don sauti ya wuce. Ta tsakiya ita ke ɗaukar yawancin magana. Sannan ga ƙanana an jera a bangon gefe da na baya, ga kuma babba guda mai fitar da rugugi, wadda 'yan kasuwa ke kira wufa. Biyar da ɗaya ke nan, abin da ake rubutawa 5.1 a jikin kwali. Dolby Atmos da ya fito a 2012 ya ƙara da sifiku a rufi, ta yadda mai haɗa sauti zai iya ɗaukar kukan tsuntsu ya ajiye shi a saman kanka.

Duk wannan dabara a kan halittar kunne aka gina ta. Sautin da ya fito daga dama yakan riga isa kunnen dama kafin na hagu, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma ya fi ƙarfi a can. Da wannan ɗan bambanci ƙwaƙwalwa ke gane inda abu yake. Shi ya sa uwa ke tsinto kukan ɗanta a tsakiyar gidan suna. Injiniyan nan na Ingila, Alan Blumlein, tun a 1931 ya yi rajistar hanyar amfani da sifiku biyu don sauti ya bi mai magana a allo.

Bari mu ɗan ratse. Da yawanmu mun sayi irin wannan saiti a Banex ko kasuwar Wuse da kuɗi masu kauri, muka kawo gida muka jera duka biyar ɗin a ƙarƙashin talabijin kamar kwanukan jere. An biya kuɗin biyar, ana jin aikin ɗaya. Ta tsakiya wurinta daidai talabijin, biyu dama da hagu da ɗan tazara, biyun ƙarshe kuma gefen kujera, ɗan baya kaɗan. Waya ce kawai za a ja.

To, ba muna cewa a mai da ɗakin biki sinima ba. A sinima kowa na zaune wuri ɗaya yana fuskantar allo, a biki kuwa ana kai-komo, ana rawa, ana liƙi. Abin da za mu ara shi ne tunanin: sifiku da yawa marasa ƙara, kowace kusa da mutanenta, sun fi biyu masu tsawa. A fili, duk lokacin da nisanka da sifika ya ninka, ƙarfin sauti na raguwa da desibel 6. Wanda ke mita 2 da wanda ke mita 32 akwai kusan desibel 24 a tsakaninsu. Ma'ana, kafin na baya ya ji daidai, na gaba ya sha azaba. Idan aka ɗaga sifika a kan sanda ta wuce kawunan mutane, aka ƙara wasu ƙanana a tsakiya da baya, sai a sassauta duka. Yawancin manyan masallatanmu sun daɗe da gane haka, dubi ƙananan sifikun da ke manne a ginshiƙai.

Akwai sharaɗi guda. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wuta a cikin waya kuwa nan take. Don haka sifikar baya za ta riga ta gaba magana, a ji murya biyu. Maganinsa a jinkirta ta baya kaɗan, kusan kashi uku cikin dubu na daƙiƙa a kowace mita. Idan an daidaita, kunne na bin sautin da ya fara isowa, sai mutum ya ji kamar daga bakin mai jawabi maganar ke fitowa, alhali sifikar da ke kusa da shi ce ke taimaka masa. Na'urorin haɗa sauti na zamani da yawa suna da wannan. Mai saitawa ne ake rasa. Ɗakunanmu kuma, da tayil a ƙasa da gilashi a gefe, sai su yi ta mayar da amsa-kuwwa. Kafet da labule masu kauri suna rage ta sosai.

Masu DJ za su ce mu ne muke so. Suna da gaskiya. Idan bango bai girgiza ba, abokan ango cewa suke kayan ba su da kyau, kuma ƙarin sifiku da waya da mai saitawa ƙarin kuɗi ne. Amma a kwatanta da abin da muke kashewa a ado da anko, wannan bai taka kara ya karya ba. Kunne kuma ba a sayo shi a Banex. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade desibel 85 na awa 8. A desibel 100 kuwa minti 15 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda ƙara, kuma a 2022 ta fitar da ƙa'ida ga wuraren taro da kiɗa. A gida ma NESREA na da dokar hana ƙara tun 2009. Wannan ƙugin da kake ji a kunne bayan ka dawo daga dina, gargaɗi ne, kuma jariran da ake goyowa ba su da bakin faɗa.

Shawararmu ga duk ɗan uwan da ke da hidima a gaba: kafin ka ba da kafin alƙalami, tambayi mai kayan sifika nawa zai kawo da inda zai ajiye su, ba wat nawa ba. A je ɗakin awa biyu kafin taro, wani ya riƙe makirfo ya yi magana da muryarsa ta yau da kullum, kai kuma ka zauna a kujerar gaba, sannan ta tsakiya, sannan ta ƙarshe. A ware ƙarfin jawabi daban, na rawa daban. Teburin iyaye kuma a janye shi daga bakin sifika, ko da hoton ba zai yi kyau ba.