Kallon Kitse Ake Wa Rogo

Ba mu zo koya wa kowa caca ba. A nan Zuru limami da fasto bakinsu ɗaya a kanta. Amma tun da wayar hannu ta kawo kartar nan ta Turawa da ake kira foka har cikin ɗakunan kwanan ɗalibai, ya kamata mu san abin da gwanayenta da kansu suke tsoro.

Karta dai kati 52 ce, gida huɗu, kowane gida 13. A ce an ba ka kati biyu, an shimfiɗa uku a tebur, huɗu daga cikin biyar ɗin nan gidansu ɗaya, kana jiran cikon na biyar. Saura 9 na wannan gida cikin 47 da ba ka gani ba, wato wajen sau ɗaya cikin biyar katin gaba zai zo maka daidai. In akwai naira 1,000 a tebur, aka ce ka zuba 200 ka ci gaba, lissafi ya ce zuba. Ɗan boko kuwa ba abin da ke ruɗinsa kamar lissafin da ya yi da kansa.

To, Ba'amurke David Sklansky, a littafinsa The Theory of Poker, ya yi bayanin ɗaya rabin lissafin, wanda mu za mu kira hasarar gaba: kuɗin da za su salwanta daga baya saboda katin da kake jira ya zo. Naka 5 da 6 ne, abokin karawarka kuwa yana riƙe da sarkin wannan gida. In katin bai zo ba, 200 kaɗai ta tafi, ka kakkaɓe riga. In ya zo, zuciyarka ta ce yau rana taka ce, ka tura 3,000, shi ya kwashe. Ran da kai ne a sama, sai ya janye tun da wuri, ya bar ka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Shi ya sa ba mu yarda da masu cewa ilimi zai tsare su ba. Ƙaramin ma'aikaci ko ɗalibin Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ya iya raba 9 da 47, amma ba ya ganin hannun wancan, wanda wataƙila ya shekara goma yana wannan sana'a. Albashi kuwa sau ɗaya yake zuwa a wata, ga kuɗin haya, ga na taki da ake jira a ƙauye.