Kira Ga Malaman Jami'ar Ahmadu Bello Kan Zafin Ɗakunanmu

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi kira ga malaman Jami'ar Ahmadu Bello game da zafin da ke gasa mu a ɗaki kowace shekara daga Maris zuwa Mayu.

Mafi yawan gidajen haya a Samaru da Sabon Gari bulo ne na siminti da rufin kwano. Bango ya yini yana shan rana, da dare ya amayo mana ita. Sai ka ga iyali sun baje a tsakar gida, sauro na cin kasuwa, yara duk ƙurajen zafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, janareta ya koma na masu hali. A Oktoban 2024 kuwa, da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, mai na'urar sanyaya ɗaki da marar ita duk suka zama ɗaya.

Alhali akwai sanyin da ba ruwansa da mai ko wuta. Duk wanda ya taɓa jan guga da asuba a hunturu ya san ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa, da bazara kuma ka ji shi da sanyi. Ba ruwan ne ke canzawa ba, iskar waje ce. In aka yi mita biyu zuwa uku a ƙasa, kusan yanayi ɗaya ne rani da damina, domin zafin rana bai cika kaiwa can ba.

A Amurka da Suwidin suna cin moriyar wannan. Sukan binne bututu, ruwa na zagayawa ciki, wani inji ya kwashe zafin gida ya kai ƙasa, lokacin sanyi kuma ya jawo ɗumi. To, wannan sai mai kuɗi, ga shi yana cin wuta, ba shi nake nufi ba. Akwai na talaka. A binne bututu mai faɗi, tsawon kamar mita 30, baki ɗaya a inuwa, ɗayan cikin ɗaki, ƙaramar fanka mai aiki da faranti ɗaya na sola tana jan iska. Kafin iskar ta iso, ƙasa ta shanye zafinta. Da hunturu kuma ta shigo da ɗumi, a huta da kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, wanda hayaƙinsa ke kisa.

Kada wani ya ce na yi alkawarin ƙanƙara. Sauƙi ne kawai za a samu. Kuma akwai abin tsoro: da damina ruwan ƙasa kan taso kusa ainun a wasu unguwanninmu, in ya kwanta cikin bututu sai fumfuna da wari. Dole a yi masa gangara, a sa raga saboda sauro da macizai, a nisanta shi da masai.

Shi ya sa nake roƙon sashen zanen gine-gine da na injiniyoyi su gina ɗaki ɗaya tak na gwaji, su auna shi shekara guda cur, su faɗa mana sakamakon da Hausa a rediyo, ko ya yi ko bai yi ba. Jami'ar nan tun 1962 muke maƙwabtaka da ita, bai kamata binciken ɗalibai ya riƙa ƙarewa a kan kanta yana shan ƙura ba. In abin ya yi, Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ta tara magina da masu haɗa famfo a koya musu, domin lokacin haƙa harsashin gini ne binne bututun ya fi araha.



Mai karanta ku a kullum,
Hayin Dogo, Samaru, Zariya.