Kalmominmu da Asalinsu: Hoto

Masu karatu, kalmarmu ta wannan wata ita ce "hoto". Baƙuwa ce, amma ta zama 'yar gida. Turawan Ingila suna cewa "photo", wato gutsuren "photograph". Su ma aro suka yi daga Helenanci, suka haɗa kalmomi biyu, "haske" da "rubutu". Wani masani, John Herschel, shi ya yaɗa ta a Ingila a 1839. Ashe hoto rubutun haske ne.

Da muryar "f" Turawa suke fara ta. Bakin Bahaushe ne ya mai da ita "h", kamar yadda "fuɗu" da "huɗu" suke abu guda. In muka ƙetare iyaka daga Lolo a ƙasar Bagudo muka shiga Jamhuriyar Benin, za mu ji masu Faransanci har yanzu "foto" suke cewa.

A bakinmu kalmar ta ƙara faɗi. Zanen cikin littafi hoto ne, na ƙirji a asibiti shi ma hoto ne.

Amma ga abin lura. Haske yakan rubuta fuska, ba ya rubuta suna. Gidaje nawa ne suke da hoton wani tsoho a akwati, ba mai iya cewa ga sunansa? Saboda haka mu tambayi dattawanmu tun suna da rai, mu rubuta suna da gari da shekara a bayan kowane hoto da fensir. Muhimman da suke cikin waya mu kai a wanke. Kada kuwa mu rataye su inda rana take bugawa, gama hasken da ya rubuta su shi ne yakan koɗe su.