La'ada Daban, Sayar Da Lambar Kwastoma Daban

Kwanakin baya wani mai gyaran janareto da ke aiki tsakanin masana'antun Sharada da Challawa ya sa na haɗa masa 'yar manhaja. Tana ajiye sunan kwastoma, lambarsa, irin injinsa da ranar juyen mai. Bayan mako biyu sai ya dawo, wai in fitar masa da jerin gaba ɗaya a Excel, wani dillalin kayan sola zai saya. Na ce masa ban da ni.

Ba la'ada nake ƙi ba. Dillanci tsohuwar sana'a ce a Kano. Idan mai walda a Bompai ya tura ka wurin mai gyaran lantarki, aka ba shi ɗan kasonsa, babu laifi, domin kai ka tambaya, kuma da ƙafarka ka je. Abin da ya kamace shi kawai ya faɗa maka yana da kaso, don ka san ko gwani ya nuna maka ko wanda ya fi cika masa aljihu.

Jerin lambobi kuwa amana ce. Wanda ya ba ka lambarsa don gyaran inji bai ce ka miƙa wa baƙo ba. Kuma fayil ba ya tsayawa a hannu ɗaya, da zarar ya shiga WhatsApp ya fi ƙarfinka. Ɗan damfarar da ya san sunanka, shagonka da irin janaretonka, cikin sauƙi zai kira ka da sunan kamfani ya karɓi kafin alƙalami.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta hana a karɓi bayanan mutum don wata manufa sannan a karkatar da su zuwa wadda ta saɓa mata.

Mai barin sana'a da ke son miƙa kwastomominsa yana da hanya: ya sanar da su, ya gabatar da magajinsa, wanda ya yarda ya bi.

Kai kuma, duk baƙon da ya kira ka da talla, fara tambayarsa wa ya ba shi lambarka. Idan ya ambaci mai gyaranka, canza mai gyara.