Tsakanin "Nuna Min" Da "Yi Min"

Wannan makon ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, masu jiran ci gaban littafi ku yi mini afuwa. Wata magana ce ta daɗe tana cin raina game da yaranmu masu koyon rubuta manhajar kwamfuta, abin da su suke kira kodin, da irin taimakon da suke nema idan malami ya ba su aikin gida. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mai rubuta littafin Hausa da maganar kwamfuta? To ai mu ma da kwamfutar ake buga mana littattafan, kuma shagunan da muke kai aikinmu su ne dai waɗanda ɗaliban suke kai nasu.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu da ke kusa da jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, musamman idan zangon karatu ya zo ƙarshe, ya san abin da nake nufi. Ɗalibi zai shigo da 'yar takarda a hannu, ya ce wa mai shago, "Oga, nawa za ka yi min wannan?" A yi ciniki kamar ana sayen tumatir. Gobe ya dawo da filas a zuba masa. Abokansa biyar su karɓa, kowa ya canza suna da lambar rajista, shi ke nan an yi aikin gida. Daga watan Nuwamba na 2022 da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT kuwa, shi kansa mai shagon kasuwarsa ta ja baya, domin yaro yana kwance a kan katifa zai ɗauki hoton tambayar da wayarsa, kafin shayinsa ya huce amsa ta fito.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ni ban ce neman taimako laifi ba ne. Matambayi ba ya ɓata, kuma babu wanda aka haifa da iyawa. Abin da nake cewa shi ne taimakon iri biyu ne, kuma yaranmu da yawa sun bar mai amfanin sun rungumi mai cutarwa. Akwai "nuna min inda na kauce", akwai kuma "yi min".

Bari in kawo misali da abin da kowa ya sani, wato adashi. A ce malami ya ce a rubuta manhajar da za ta lissafa adashin mata 10, kowacce tana zuba Naira 2,000 duk mako, manhajar ta riƙa faɗin wadda za ta kwasa a kowane mako da adadin da za ta kwasa. Aikin bai fi layi biyar ko shida ba a harshen Python, wanda wani ɗan ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ya fitar a 1991, kuma da shi ake fara koyar da 'yan koyo a wurare da yawa. Yaro zai zauna ya rubuta, ya umarci kwamfutar ta ƙirga daga 1 zuwa 10 da umarnin da ake kira range. Sai ya ga ta lissafo mata tara ta tsaya. Ina ta goman? Ya duba ya sake dubawa, bai ga kuskure ba. Abin da bai sani ba shi ne a Python wannan umarnin ba ya haɗawa da lambar ƙarshe, in kana son ya kai 10 sai ka ce masa 11. Haka kuma idan ka jera sunaye, ta farko ba lamba 1 ba ce a wurinsa, lamba 0 ce. To da a gaske ne, an cinye wa baiwar Allah kuɗinta na mako tara ke nan, uwar adashi kuma sai ta kwana a ofishin 'yan sanda.

Yaron da ya yi awa biyu yana neman matar nan ta goma, ya ja tsaki, ya tashi ya yi sallah ya dawo, daga ƙarshe ya gano ko wani ya nuna masa da yatsa, wallahi har ya tsufa ba zai manta ba. Wanda aka miƙa wa amsa kuwa bai ma san akwai rami a wurin ba, balle ya san yadda ake tsallake shi. Malamin ba manhajar adashi yake buƙata ba, me zai yi da ita? Waɗannan awanni biyun na wahala su ne darasin. Haka sauran ƙananan abubuwan da ke sa ɗan koyo ciwon kai: alamar daidai guda ɗaya tana nufin ajiye wannan a nan, guda biyu tana nufin shin wannan daidai yake da wancan; tazarar da ake bari a farkon layi, wadda a Python in ta kauce ko da kaɗan ne aikin zai ƙi tashi ko ya ba da wata amsa daban. Ba a koyon waɗannan da kallo. Yaron tela da kullum maigidansa ne ke yanka masa yadi, ko ya shekara bakwai a shago ranar da aka miƙa masa almakashi da shaddar mutane hannunsa rawa zai yi.

Akwai hujjar da ɗaliban suke kawowa, kuma ba ta banza ba ce, don haka ya kamata a saurare ta. Suna cewa ai manyan ƙwararrun ma ba daga kansu suke rubuta komai ba, kullum cikin ɗauko aikin wasu suke suna haɗawa, kuma su ma yanzu da ƙirƙirarriyar basira suke aiki. Gaskiya ne. Mu marubuta mun fi kowa sanin wannan muhawarar, don an shekara da shekaru ana yi mana gorin cewa finafinan Indiya muke juyewa zuwa Hausa. Shi kansa marigayi Abubakar Imam da ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, labarai da yawa daga littattafan Larabawa da na Turawa ya samo su. Amma wa zai ce masa ɓarawo? Ya tauna su ne ya haɗiye, ya fito da su da sarakunanmu da fadawanmu da kasuwanninmu, har mai karatu ya rantse a bayan gidansu abin ya faru. Ya iya yin haka ne domin ya riga ya iya harshen, ya kuma san abin da zai zauna a ƙasar Hausa da wanda ba zai zauna ba. Mai aron da ya san abin da ya aro daban, wanda ya ɗauko kaya a rufe bai san me ke ciki ba daban.

Su ma ƙwararrun idan suka yi aro ba su sake bincike ba, suna ɗanɗana kuɗarsu. Ranar 4 ga Yuni 1996 Turawan Turai suka harba sabon rokansu Ariane 5 daga Kourou a Kudancin Amurka, ɗauke da taurarin ɗan Adam guda huɗu. Bai fi daƙiƙa 40 da tashi ba ya kauce hanya ya tarwatse a sama. Da aka bincika sai aka ga wani ɓangaren manhajar an ɗauko shi ne daga tsohon rokan Ariane 4, inda ya yi ta aiki lafiya lau. Sabon rokan ya fi tsohon gudu, sai wata lamba ta girmi ma'ajin da aka tanadar mata, wanda ba ya ɗaukar abin da ya haura 32,767. Injiniyoyi ke nan masu furfura a kan aikin. To ina ga yaron da ya kwafo abin da ko karanta shi ba zai iya ba, gobe kuma shi za a ba amanar manhajar albashin ma'aikata ko ta ajiye bayanan marasa lafiya a asibiti?

Masu ganin dabara ce canza sunayen da ke cikin aikin aboki kuma su sani, tun 1994 wani farfesa a Amurka mai suna Alex Aiken ya ƙirƙiro manhajar da ake kira MOSS, wadda ke gwada ayyukan ɗalibai da juna. Ƙirar aikin take dubawa, canza suna ba ya ruɗa ta. Amma ni kamun malami bai dame ni ba kamar kamun da ke jira a gaba. Wannan sana'a ce da takardar shaida ba ta rufa wa mutum asiri. Mai ɗaukar aiki zai ajiye maka kwamfuta ne ya ce bismillah, yana tsaye a kanka. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasahar zamani. Idan rabon yaranmu a irin wannan shi ne takarda da hoton bikin yaye ɗalibai, to aikin zai tafi wurin 'ya'yan wasu, mu kuma mu zauna muna cewa an ware mu.

Sai dai in na tsaya a kan ɗalibai kawai ban yi adalci ba. Yaro da yawa ba lalaci ne ya kai shi shagon ba, tura ce ta kai bango. Aji ne mai ɗalibai ɗaruruwa, malami ya rubuta manhaja a kan allo, su kwafa a littafi kamar karatun tarihi, a ce su haddace su zuba a jarrabawa. Ɗakin kwamfutocin a kulle, ko a buɗe babu wuta. Shi ba shi da kwamfutar tafi-da-gidanka, mahaifinsa da ƙyar ya haɗa kuɗin rajista. Ranar da ya samu aron ta wani, ya danna, sai jan rubutu ya cika masa fuska da wani irin Turancin da ko a jarrabawar WAEC bai gamu da shi ba. Koyar da kodin a allo kamar koyar da tuƙin mota ne a kan tabarma. Su waɗanda suka fara tunanin koya wa 'yan koyo ba haka suka yi ba. A 1964 malamai biyu a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka ƙirƙiro harshen BASIC musamman don ɗaliban da ba na lissafi ko kimiyya ba, kuma suka haɗa shi da tsarin da ɗalibai da yawa za su zauna su yi amfani da na'ura ɗaya a lokaci guda, kowa ya ga sakamakon abin da ya rubuta nan take. Sama da shekara sittin ke nan da suka wuce.

Ga kuma yayyensu da suka ɗan iya. Waɗannan su ma kashi biyu ne, kuma duka biyun ina da ƙorafi a kansu. Akwai mai karɓar kuɗi ya yi wa yaro aikin. Akwai kuma wanda in ƙaramin ya tambaye shi sai ya yatsina fuska, "Kai wannan ɗan abin ne ba ka sani ba? Je ka yi bincike mana." Sai ka ce shi da iyawarsa ya faɗo duniya. Yaron da aka dizga sau biyu a gaban abokansa ba zai sake tambayar mutum ba, wurin na'urar da ba ta yi masa dariya zai koma, ita kuwa abin da ka roƙa shi take ba ka. Malam, in ƙaninka ya zo da tambaya, ka zaunar da shi, ka ce karanta min abin da ka rubuta layi-layi. Kada ka karɓi kwamfutar daga hannunsa. Wannan kaɗai nake roƙo, hannunka ya bar allon dannawar.

A Jami'ar Harvard akwai darasin 'yan koyo da ake kira CS50, wanda David Malan ya shahara da koyar da shi, kuma kowa na iya bin sa kyauta ta intanet. Wata ƙa'idarsu ta burge ni: idan kana neman taimako kana iya nuna wa wani abin da ka rubuta, amma kai ba za ka kalli nasa ba. Dubi yadda magana ɗaya ta raba gardama. A 2023 kuma suka haɗa wa ɗalibansu nasu mataimakin na ƙirƙirarriyar basira mai siffar agwagwa, aka tsara shi ya riƙa jan ɗalibi zuwa ga amsa maimakon ya miƙa masa ita. Agwagwar ma tana da asali. Tsohuwar al'ada ce ta masu wannan sana'a su ajiye agwagwar roba a kan tebur, in aiki ya cije sai su yi ta yi mata bayaninsa dalla-dalla, sau da yawa kafin su kai ƙarshe sun ji kuskuren da kunnensu.

Saboda haka ƙanena, ko 'yata da ke karanta wannan, ban ce ki jefar da ChatGPT ba, ban ce ka daina zuwa wurin yayanka ba. Yadda ake tambayar ne zai canza. Ka zo da abu uku a hannu: ga abin da nake so ya faru, ga abin da na rubuta, ga abin da ya fito. In jan rubutun ne ya ɗaure maka kai, ka ce wa na'urar ta fassara maka shi da Hausa, tana ɗan taɓawa, kuma ka gaya mata ƙarara kada ta rubuta maka amsa. Ka riƙa duba abin da ta faɗa, domin takan shirga kuskure da cikakken ƙarfin hali kamar ɗan kasuwar da ke rantsuwa a kan jabun kaya. Wanda ba shi da kwamfuta kuma, akwai manhajojin da ke tafiyar da Python a wayar Android. Da wahalar dannawa, amma adashin mata goma zai shiga.

Kada kuma wani ya ce maka wannan ilimin baƙo ne a wurinmu. Kalmar algoridim da malaminku yake ta maimaitawa, wato jerin matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya, daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ta samo asali, malamin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, a ƙarni na 9.

Malaman makaranta kuma ga shawarata, ba ta buƙatar ko sisin gwamnati. Duk wanda ya kawo aiki, a ba shi minti biyar a gaban kwamfuta. A ce masa matan adashin sun zama 12, biyu daga ciki hannu bibbiyu suke zubawa, gyara mu gani. In ajin ya yi yawa a zaɓi mutum ashirin ta hanyar ƙuri'a duk mako, kowa ya san ana iya kiran sa. Wanda ya rubuta da kansa zai gyara yana murmushi, ko da aikin nasa yana da kurakurai, kuma shi ya cancanci maki fiye da mai tsaftataccen aikin da ya tsaya yana sosa ƙeya.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗora daga inda muka tsaya a littafinmu.